Zagin da Aka Yi wa Jan Fulas

A gidanmu ba mai kiran ɗiyar Goggo da sunanta na yanka. Me-aka-ce ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Tun tana goye, in manya suka sassauta murya sai ta saki nono ta juyo da kai. Ranar da bakinta ya buɗe, ba "Mama" ta fara cewa ba, ba kuma "Baba" ba. Shigowa ta yi ɗaki tana tangaɗi, ta tarar an yi shiru, ta dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Me aka ce?" Goggo tana ƙaryata wannan labari har gobe, amma Goggo uwa ce, dole ta kare 'yarta.

Abin mamaki, kunnuwanta ba su fi na kowa girma ba. Amma a yi raɗa a ƙarshen layi tana wanki a bayan gida, za ta gaya maka wanda ya fara, da wanda ya yi tari a tsakiya. Kuma ba ta karɓar labari a dunƙule. In ka ce mata, "Wance ta yi fushi," sai ta ce, "Ban tambaye ka abin da ta yi ba. Me ta ce? Da bakinta."

Mu dai mun ɗauka wannan hali duka zai riƙa jawo mata. Sai ga shi ya jawo mata aiki. Akwai wani ofishi a saman shagon tayoyi, hawa na biyu, mai matakala ashirin da ɗaya da kowacce ke da nata kukan. Sana'arsu jin ra'ayin jama'a. Mai yin sabulu ko mai yin katifa zai zo ya ce yana son sanin abin da mutane ke faɗa a kan kayansa, su kuma su tura a jiyo masa. Wato gulma ce aka sa mata riga aka ba ta ofis. A nan taubashiyata ta yi shekara goma sha tara. Kullum da safe ta ɗauki katakon maƙale takarda, da biro da ta ɗaure da zare don kada a ara a tafi da shi, da lema, da jan fulas ɗinta na shayi wanda ta naɗe murfinsa da guntun robar taya, ta shiga gari. Takalman da ta kashe a wannan aiki, in aka jera su, za su kai ka tasha su dawo da kai. Karnukan gari sun san ƙafarta. Akwai wanda ya kore ta shekara shida a jere, da ya tsufa suka shirya.

Wata ranar Litinin Manaja ya kira ta ɗakinsa. Ta girme shi da shekara goma, ita ce ma ta nuna masa inda makullin fanka yake ranar da ya kama aiki, don haka Anti yake ce mata. Ya yi ta gyara takardun da ba su karkace ba.

"Anti, zauna mana."

"Manaja, in maganar mai daɗi ce ai da ka faɗa tun ina tsaye."

Ya ce mata ofis ya ɗauko sabuwar hanya. Yanzu mutane a kafafen sada zumunta suke zazzage cikinsu ba tare da an tambaye su ba, kuma akwai manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ke karanta duk abin da suka rubuta ta fitar da ra'ayinsu. Aikin farko na wani mai kamfanin fulas ne. Yana yin iri biyu, ja da shuɗi, yana so ya daina ɗaya, bai san wanne ba. Ranar Juma'a zai zo karɓar amsa.

"In ya gamsu," in ji Manaja, yana kallon fanka, "to daga nan ba za mu ƙara bukatar mai shiga gari ba."

Mai shiga gari kuwa ita kaɗai ce ta rage. Ba ta yi kuka ba. Ta sauko matakala ashirin da ɗayan nan, ta ce ranar kowacce sai da ta yi mata gaisuwar ta'aziyya.

Talata ta wuni tana kallon bango. Laraba ta ce ba za a kore ta ba tare da ta ga fuskar wadda ta kore ta ba. Ta riga ta raɗa mata suna, Baƙuwa. Ta ƙwanƙwasa ƙofar Manaja ta ce a nuna mata ita.

Manaja ya juyo da kwamfuta. Me-aka-ce ta leƙa bayanta, ta leƙa ƙarƙashin tebur. Ba komai sai farin fili da ɗan layi yana ƙifta ido.

"Ita ce wannan? Ko takalmi ba ta da shi."

"Tsaya ki gani."

Ya rubuta wa Baƙuwa cewa ta tattaro duk abin da aka faɗa a fili game da fulas ɗin biyu cikin wata shida. Me-aka-ce ta ga abin zai ɗauki lokaci, sai ta kwance robar murfin fulas ɗinta ta fara tsiyaya shayi. Kofin bai kai rabi ba Manaja ya ce, "Ta gama."

"Ta gama gaisuwa?"

"Ta gama aikin. Maganar mutum dubu arba'in da biyu."

Shayi ya cika kofi, ya zubo a tebur, ya gangara ƙasa, tana tsaye riƙe da fulas. Ita a rana mai kyau, in ba a yi ruwa ba, in kare bai fito ba, mutum talatin take ji. Ta lissafa da yatsu. Abin da Baƙuwa ta yi kafin kofi ya cika, ita sai ta yi kusan shekara huɗu tana tafe, ba hutu ba ciwo. Kuma Baƙuwa ba tarawa kawai ta yi ba. Ta ware abin da direbobi suka ce, ta ware na masu jego, ta ware na masu gadi. Ta san ranar da aka fi maganar, ta san wanda ya faɗa sau tara don ya cika fili, ta ƙirga shi ɗaya. Har wanda ya rubuta nasa yana zaune a banɗaki ta ji shi. Me-aka-ce ta nemi kujera da hannu ta zauna. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin kunne irin wannan ba. Da mace ce, da ta durƙusa ta gaishe ta.

"To me ta gano?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada Baƙuwa ta ji. Ai kuwa ta ji.

Manaja ya nuna mata zane biyu. Jan fulas, bakwai cikin goma zaginsa suke. Shuɗi, takwas cikin goma yabonsa suke. Shawara: a daina ja.

Me-aka-ce ta dubi jan fulas ɗin da ke hannunta. Shekara biyar yana tare da ita. Ya faɗa kwata, ya faɗo daga bayan babur, an taɓa zama a kansa a motar haya. Ta dubi zanen. Sai tsohon ciwonta ya tashi.

"Me aka ce?"

"Na gaya miki, Anti. Zaginsa suke."

"Ban tambaye ka abin da suke yi ba. Me suka ce? Da bakinsu."

Manaja ya yi tsaki kaɗan, ya sa Baƙuwa ta kawo maganganun yadda aka rubuta su. Ya fara karantawa da muryar mai karanta sanarwar rasuwa.

"'Shegen fulas. Na zuba ruwa shekaranjiya, yau ya ƙona min harshe.' Kin ji ko? Har rauni ya ji wa mutum."

"Ci gaba."

"'Wannan jan fulas ɗin ba shi da imani.' Ga wani. 'Mugu ne, wallahi mugu ne. Ya faɗo daga saman mota, ƙasa ce ta ji ciwo.' Ga wata kuma. 'Ɗan banza, shekara uku ya ƙi mutuwa, ya hana maigida sayo min sabo.'"

Kafaɗun Me-aka-ce suka fara rawa. Manaja ya ɗauka kukan ne ya zo a makare, har ya miƙa mata hankici. Dariya ce. Ta yi ta har ɗankwalinta ya zame.

"Karanto min na shuɗin," ta ce tana share ido.

"'An yi ƙoƙari.' 'Ba laifi.' 'Kalarsa ta yi kyau.' 'Sannunku da aiki.' 'Allah ya ƙara basira.'"

Nan dariyar ta tsaya. Ta girgiza kai kamar wadda ta ga an buge akuya a titi.

"Wayyo shuɗi. Sun kashe shi sun binne, ba wanda ya ɗaga murya."

"Anti, yabo ne fa. Ga shi a rubuce."

"Manaja, in tambaye ka. Ranar da matarka ta yi sabon ɗinki, ta tsaya gabanka ta juya, ka ce mata an yi ƙoƙari, a ina ka kwana?"

Manaja ya ɗaga kai ya dubi fanka.

"A falo."

"To. Mutum aka ba shi fulas ya ce kalarsa ta yi kyau. Kalar zai sha? Wanda ya ce Allah ya ƙara basira kuma, ai nufinsa wadda ake da ita ba ta isa ba. Mutanenmu in abu ya ba su haushi, kunya suke ji, sai su lulluɓe shi da ladabi. In abu ya burge su har ya fi ƙarfin bakinsu, sai su zage shi. Kai kanka shekaranjiya, da yaron nan na cikin talabijin ya yanke mutum uku ya zura ƙwallo, me ka ce? Ina nan bakin ƙofa."

Manaja ya shafa ƙeya. Ya san abin da ya ce. A bakinsa maganar take tun yana yaro, amma da ya gan ta a rubuce cikin zane mai launi, sai ya manta yaren gidansu. Duk da haka bai sallama ba. Ya ce ba zai tsaya gaban mai kamfani ya ce wata mata ta yi dariya don haka a juya rahoto ba. Yana son hujja.

"Ba ni zan ba ka ba," in ji ta. "Tambayi 'yar taka. Cikin masu zagin ja, nawa ne suka ce ina ake samun wani? Cikin masu yabon shuɗi kuma nawa ne?"

Ya tambaya. Baƙuwa ba ta yi fushi ba, ba ta ce ai na riga na gama ba. Ta koma cikin dubu arba'in da biyun nan kamar mai komawa ɗaki ɗauko mayafi, ta dawo. Masu zagin ja, da yawansu sun tambayi shagon da ake samu, wasu sun kira sunan yayyensu da ƙannensu su zo su gani. Masu yabon shuɗi, ko mutum ɗaya bai nemi na biyu ba. Har akwai waɗanda daga baya suka rubuta cewa sun ba surukarsu kyauta. A ƙasa kuma ta ƙara layi ɗaya: "Da alama na yi kuskuren fahimtar waɗannan kalmomi. Ko za a koya mini yadda ake amfani da su?"

Wannan layin ne ya gama da Me-aka-ce. Shekara goma sha tara tana aiki da mutane masu digiri, ba ta taɓa jin ɗaya ya ce na yi kuskure, koya mini ba. Ta ajiye jaka, ta gyara ɗaurin zani, ta ce wa Manaja, "Matsa."

Ranar Alhamis makaranta aka buɗe a ofis ɗin, malama ɗaya, ɗaliba ɗaya. Me-aka-ce tana rubutu da yatsa guda, kamar kaza tana tsince hatsi. Ta koya mata cewa "ya kashe ni" ba na 'yan sanda ba ne. Ta koya mata "bala'i ne" mai daɗi da "bala'i ne" mai ɗaci. Ta koya mata cewa in mace ta rubuta "hmm" ita kaɗai, to a gudu. Duk abin da ta faɗa sau ɗaya, Baƙuwa ta kama, ta je ta gwada shi a kan dubbai, ta dawo da tambaya. Abin da taubashiyata ta tara da ƙafa da rana da haushin karnuka, wannan halitta ta sha shi kafin azahar, ba ta ko sha ruwa ba. Me-aka-ce tana koyarwa tana jin tsoro, tana jin tsoro tana jin daɗi. Ta sani sarai mai korarta take ƙara wa ƙarfi. Amma ta ce ba za ta iya barin kunne mai kyau haka yana jin magana a karkace ba.

Can da rana Baƙuwa ta ce tana da abin da take so a duba mata. Ta ware mutum ɗari biyu da sha biyu. Su ma sun ce wa jan fulas shege, amma ta ga kamar nasu daban ne. Ba su yi dariya a ƙarshe ba, ba su kira kowa ya zo ya gani ba, kuma kowannensu ya ambaci jaka: jakata ta jiƙe, littafin yaro ya lalace, takarduna sun sha shayi. "Ina zaton waɗannan da gaske suke," in ji ta, "kuma ina zaton murfin ne ke yoyo in fulas ɗin ya kwanta. Mutum talatin cikinsu sun ce da roba suke ɗaure shi."

Me-aka-ce ta ɗauke hannu daga kwamfuta. A hankali ta juya ta dubi fulas ɗinta a gefen tebur, da baƙar robar tayar da ke naɗe a wuyansa. Shekara biyu tana ɗaure shi. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ita kanta ta daina ganin robar. Da ita aka ba waɗannan ɗari biyun ta karanta, da ta zuba su cikin masu yabo ta wuce, don son da take yi wa ja. Ta leƙa bayan kwamfutar a karo na biyu, ko akwai ido a ɓoye. Babu. Daga bakin mutanen da ba ta taɓa gani ba Baƙuwa ta hango robar da ke kan teburin. Ranar ba ta sha shayinta ba. Yadda ta zuba shi da safe haka ta bar shi a ofis, ta tafi gida tana magana ita kaɗai.

Juma'a da hantsi Mai Fulas ya hawo matakala. Dattijo ne ɗan firit, mai farin gemu, maganarsa kamar ana sayar masa da ita. Manaja ya yi bayani yana gumi. Ya nuna zane na farko, ya nuna na biyu, ya ce a bar ja, a daina shuɗi. Me-aka-ce tana tsaye a bakin ƙofa, don ba a ce ta zauna ba, ba a kuma ce ta fita ba.

Dattijo ya saurara har ƙarshe. Ya naɗe hannu. Ya ce, "An yi ƙoƙari."

Manaja ya dubi Me-aka-ce, ita ma ta dube shi. Da ranar Litinin ce, da ya yi godiya har da rusunawa.

"Shekara goma sha ɗaya ina yin ja," in ji dattijo. "'Ya'yana suka ce ya tsufa, muka yi shuɗi. Duk wanda na nuna wa shuɗi sai ya yaba. Na buɗe waya na ga ana zagin ja, har na daina buɗewa. Yanzu ku ce min zagin ne so? Wannan wasa da hankali ne."

Ya fara laluben sandarsa. Me-aka-ce ta ga aikinta yana shirin sauka matakala tare da shi.

"Baba, ba ka sha komai ba. Ba a zuwa ofishinmu a tafi haka."

Ta kwance roba, ta tsiyaya masa shayin jiya a kofi. Ta ce, "Yi haƙuri, tun jiya da safe na zuba shi, ya kwana a nan."

Jin haka dattijo bai ko hura ba. Ya kafa kai ya kurɓa kamar ruwan randa. Ya zabura, hularsa ta karkace, kofi ya yi gefe, yana fifita harshe da hannu.

"Kai! Shege!"

Me-aka-ce ta jira har ya sami numfashi. Sannan ta rusuna kaɗan.

"Baba, wannan zagi ne ko yabo?"

Ya dube ta baki buɗe. Ya dubi fulas. Sai dariya ta ƙwace masa, irin ta tsofaffi mai haɗe da tari, har Manaja ya tashi zai buga masa baya. Da ya natsu ya jawo fulas ɗin yana jujjuya shi kamar ɗan da ya daɗe bai gani ba. Nan idonsa ya faɗa kan robar.

"Wannan fa, 'yata?"

"Wannan ba ni na gano ba, Baba. Ni ɗaurewa kawai na iya." Ta nuna kwamfuta. "Ita ta ji."

Manaja ya buɗe masa shafin mutum ɗari biyu da sha biyun. Dattijo ya sa tabarau ya karanta, layi-layi, ba ya tsallake ko ɗaya. Ya kwantar da fulas a tebur ba roba. Ɗigo ɗaya ya fito, wani ya biyo shi. Ya daɗe yana kallon ɗigon.

"Shekara nawa kina ɗaure shi?"

"Biyu."

"Ba ki kawo ƙara ba."

"Yo Baba, abu yana maka aiki haka, ka je ka ce wa mai shi yana yoyo?"

Ya miƙe, ya gyara hula. Ya ce ja yana nan, murfi za a sake. Shuɗi kuma Allah ya ba shi haƙuri. Da ya kai bakin ƙofa ya juyo ya nuna Manaja da sanda.

"Wata mai zuwa ina da butoci da zan fitar. Ku za ku jiyo min. Amma da sharaɗi. Ina son wannan muguwar na'urar, ina kuma son wannan muguwar matar. In ɗaya ba ta nan, kada ku kira ni."

Matakala ta gama kukanta ashirin da ɗaya kafin Manaja ya yi magana. Ya ce, "Anti, Litinin ƙarfe takwas. Zan sa a kawo tebur." Ta ce a ajiye shi kusa da taga, don wani abin har yanzu sai daga titi ake jin sa.

Da yamma ta shigo gida. Goggo tana zaune a tsakar gida tun azahar, carbi a hannu, ta ƙi cin abinci, ta kori jikoki. Tana ganin 'yarta ta miƙe tsaye, ita da gwiwa ke hana tashi. Shekara arba'in da wani abu tana jin tambayar nan daga bakin yarinyar, yau ita ce ta yi ta.

"Me aka ce?"

Me-aka-ce ta ajiye jaka, ta ajiye lema, ta ajiye jan fulas a kan tabarma.

"An ce ni muguwa ce."

Goggo ta ɗaga hannu sama.

"Alhamdulillahi."